Maɗaurin Ƙeya: 'Yar Saƙar da Ke Hutar da Kunne

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Dubi igiyar robar nan ta takunkumin fuska. Da kaɗan ta fi tsinken ashana kauri, amma duk wanda ya taɓa yini da ita rataye a kunne ya san aikinta. Da safe ba ka jin kome. Kafin azahar bayan kunne ya soma zafi. Kafin la'asar hannu ya kai ga takunkumin, ya sauke shi ƙarƙashin haɓa. To, takunkumin da ke ƙarƙashin haɓa, wa yake tsarewa?

Akwai wata 'yar saƙa da uwargida za ta iya gamawa kafin tukunyar shinkafa ta nuna, wadda ke maganin wannan wahala. Ɗan ƙyalle ne na kwarashi, tsawonsa kamar na tafin hannu, da maɓalli ɗaya a kowane gefe. A kan ɗora shi a ƙeya, a maƙala igiyoyin takunkumi a jikin maɓallan, kunne kuwa ya huta. Bari mu kira shi maɗaurin ƙeya.

Me Ya Sa Kunne Ke Ciwo?

Taɓa bayan kunnenka ka ji. Fatar wurin ba ta da kauri, kuma babu tsoka ko kitse mai yawa a ƙarƙashinta, sai guringuntsi da ƙashi. Roba ta danne wurin, jini ba ya gudu sosai. In mutum ya yi magana, haɓa ta ja takunkumin, robar ta goga. Ga kuma gumi yana jiƙa fatar yana tausasa ta. Sa'a takwas ko goma sha biyu ana haka, kamar yadda masu aikin jinya ke yi, sai wurin ya yi ja, wani har ya saluɓe ya zama gyambo. Mai sa tabarau wahalarsa biyu ce, gama ƙafar tabarau da roba wuri ɗaya suke rabawa. Haka kuma mai sa na'urar ji: in ya zo cire takunkumi, robar ta kan fizgo na'urar ta faɗi ƙasa.

Inda Dabarar Ta Fito

A shekarar 2019 kaɗan ne suka damu da wannan abu. Annobar korona ce ta fito da shi fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cutar a matsayin annobar duniya ran 11 ga Maris 2020. Cikin 'yan makonni ma'aikatan asibiti a Amurka da Ingila da Kanada suka shiga sa takunkumi daga farkon aiki har ƙarshensa, kunnuwansu kuwa suka soma gyambo. Sai jama'ar gari suka tashi da dabaru iri iri. Waɗansu suka ɗinka maɓallai a jikin ɗaurin kai da hulunan asibiti. Wani yaro ɗan shekara 12 a Kanada ya yi suna sabili da maɗauran roba da ya riƙa bugawa da injinsa yana ba asibitoci kyauta. Mata masu kwarashi kuwa, waɗanda dokar zaman gida ta tsare, suka ɗauko guntayen zare da tsofaffin maɓallai suka kama saƙa.

A Indonesiya da Malesiya abin ya sami wani amfani dabam. Mace mai hijabi ba ta iya kai roba kunne sai ta tuɓe lulluɓinta. Da maɗaurin ƙeya kuwa sai ta ɗaura takunkumi daga waje, a bisa hijabin. Nan da nan saƙarsa ta zama sana'a, ana yinsa da launi iri iri, har da 'yan duwatsun ado. Wannan darasi ne gare mu, tun da yake yawancin matanmu kunnensu a rufe yake da ɗankwali ko mayafi ko hijabi.

Ba Jin Daɗi Kaɗai Ba Ne

Takunkumin asibiti mai rataya a kunne ya kan bar ƙofa a gefen kumatu. Iska kuwa ba ta son wahala: maimakon ta bi ta cikin ƙyallen a tace ta, sai ta zagaya ta wannan ƙofa. A ƙarshen shekarar 2020 masu bincike na Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi a fuskar mutum ɗaya. Da ya rataya takunkumin a kunne kamar yadda aka saba, ya tare wajen kashi 38 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo cikin iska. Da aka ja igiyoyin baya aka maƙala su a maɗaurin roba, sai ya tare wajen kashi 62. Takunkumi ɗaya ne, bambancin kawai ya kwanta a fuska sosai. Maɗaurin zare ma haka zai ja igiyoyin, muddin an auna shi daidai, ba ya kuwa miƙewa.

Kayan Aiki

Uwargida, ga abin da za ki tanada:

Zaren auduga mai matsakaicin kauri, kamar yadi goma. Ragowar wata saƙa ma ta isa.
Kwarashi mai kaurin milimita 3.5 ko 4.
Maɓalli biyu masu faɗi, kamar santimita 2, marasa kaifin baki.
Allura da zaren ɗinki mai ƙarfi, da almakashi, da tef na awo.

Ki zaɓi auduga, kada ki ɗauki ulun roba. Auduga tana shan gumi, tana jure wa ruwan zafi, ba ta kuwa miƙewa. Ulun roba ya kan saki bayan 'yan kwanaki, ya kuma sa ƙaiƙayi a lokacin bazara.

Awo Kafin Saƙa

Kai ba ɗaya ba ne. Ki sa mai shi ya ɗora takunkumi a fuska, ki ja igiyoyin biyu zuwa ƙeya har ƙyallen ya kwanta a kumatu ba tare da ya matse hanci ba. Ratar da ta rage tsakanin igiyoyin, ita ce ratar da za ki bari tsakanin maɓallan biyu. Ga babba, tsawon maɗaurin duka ya kan kai santimita 12 zuwa 13, watau inci 5. Na yaro ɗan makaranta kamar inci 4. Wanda za a ɗora bisa ɗankwali ko kitso mai tudu ya kan so inci 6 ko 7.

Yadda Ake Saƙawa

1. Ki yi ɗaurin zarge a kan kwarashi, sa'an nan ki yi sarƙa kamar ido 20. Kada ki dogara ga ƙidaya kaɗai, gama hannun kowa dabam ne. Ki auna da tef: sarƙar ta gaza tsawon da kike so da kamar rabin inci.

2. Ki tsallake ido uku na kusa da kwarashi, ki yi doguwar saƙa a ido na huɗu. Ga wadda ta manta: ki naɗa zare a kwarashi, ki soka a ido, ki jawo zare. Yanzu ido uku ke kan kwarashi. Ki naɗa, ki jawo ta cikin biyu, ki sake naɗawa, ki jawo ta cikin biyun da suka rage.

3. Ki ci gaba da doguwar saƙa ɗaya a kowane ido har ki kai na ƙarshe. A cikinsa ki yi guda shida. Wannan zai lanƙwasa bakin ya juyo da ke.

4. Ki biyo ɗaya gefen sarƙar, ɗaya a kowane ido, har ki komo inda kika fara. Nan ki yi guda biyar a ido ɗaya, ki haɗe da farkon saƙar, ki yanke zare, ki ɓoye jelar da allura.

5. Ki ɗinka maɓalli a kowane gefe. Kada ki manne shi ƙam da saƙar. Ki bar 'yar rata, ki naɗe zare a ƙarƙashinsa sau biyar ko shida ya yi ɗan wuya, domin robar ta sami wurin zama.

Wajen sawa, a ɗora shi can sama da ƙeya, domin igiyoyin su bi ta saman kunne ba su taɓa shi ba. In ya zame ƙasa zuwa wuya, takunkumin zai saki a hanci.

Abin Lura

Maɗauri yana shan gumi da ƙura, hannu kuma yana taɓa shi. A wanke shi kowace rana da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana. Saboda haka ki yi wa kowane mutum biyu ko uku, kada kuma a yi aronsa.

Kada ki saƙa takunkumin kansa da kwarashi. Kome kyansa, ramukan saƙa ƙofofi ne ga ƙura da ƙwayar cuta.

Takunkumin da ake kira N95, mai igiya biyu masu zagaye kai, ba ya bukatar maɗauri. A bar shi yadda aka yi shi.

Ƙananan yara su kan haɗiye maɓalli. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a tilasta wa yaro ɗan shekara 5 ko ƙasa da haka sa takunkumi ba. A ajiye maɗauri inda hannunsu ba ya kaiwa.

In kina so ki kai kyauta asibiti, ki fara tambayar shugabar masu jinya, gama ba kowane ɗaki ne ake yarda a shiga da kayan gida ba.

Har Yanzu Da Sauran Aiki

Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan korona, amma takunkumi bai yi ritaya ba. Mai jinya da ungozoma suna sawa. Mai tarin fuka da ya soma shan magani ana so ya rufe baki da hanci cikin makonnin farko, domin ya tsare iyalinsa. Ga mai injin niƙa, da kafinta, da mai shara, da ɗan acaɓa cikin hazon hunturu. Dukansu kunne gare su, kuma dukansu su kan sauke takunkumi in ya dame su.

Duba cikin gwangwanin ɗinkinki, uwargida. Da wuya a rasa guntun zare da maɓallan tsohuwar riga a ciki. Ki fara da na maigida da na 'yan makaranta, sa'an nan ki koya wa 'yarki, gama ba saƙar da ta fi wannan sauƙi ga mai koyo.