SIFOKSHEF: YADDA AKE DAIDAITA SHI DA YADDA AKE AIKI DA SHI

Kowane manomi ya san wahalar ƙotar fartanya mai kaushi. Kafin rana ta take, tafin hannu ya yi bororo, wani lokaci ma sartse ya shige ƙarƙashin farce ya hana mutum aiki kwana da kwanaki. Masassaƙanmu sun daɗe suna fid da ƙota da gizago, kuma har yau gizago bai da na biyu wajen rage itace. Amma wajen gamawa, watau a mai da itacen sumul, akwai wani ɗan ƙarfe mai araha wanda ya kamata kowane kafinta da masassaƙi ya mallaka. Sunansa sifokshef.

Mene ne sifokshef?

Makankari ne mai hannu biyu, da gajeriyar wuƙa a tsakiya. Sunan daga Turanci ya fito, domin a Ingila da shi ake fere sandunan ƙafar keken doki. Na farko da itace aka yi jikinsu, daga baya aka shiga yin na ƙarfe. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne samfurin Stanley mai lamba 151. Tsawonsa kamar inci 10 ne, faɗin wuƙarsa kuwa ya ɗara inci 2 kaɗan.

Iri biyu ne aka fi bukata. Mai shimfiɗaɗɗen gindi shi ne na miƙaƙƙen gefe da gefen da ya yi tozo. Mai kewayayyen gindi kuwa na gefen da ya lotsa ciki ne. Mai koyo ya fara da na farko, don ya fi sauƙin sarrafawa.

Mutane da yawa sukan saya, su gwada sau ɗaya, ya yi ta tsalle yana yagar katako, sai su jefar su ce ba shi da kyau. Galibi laifin ba na ƙarfen ba ne. Abu uku ne ke kawo haka: wuƙa ba kaifi, ko ta fito da yawa, ko an bi itacen ta inda bai dace ba.

Wasa wuƙa

Sabuwar wuƙa ba ta zuwa da isasshen kaifi. A ɗiga mai a dutsen washi, a kwantar da bayan wuƙar a goga har ya yi bai ɗaya. Sa'an nan a juya a wasa bakin, a karkace kamar digiri 25 zuwa 30. In siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta baya, a sake kwantar da ita a goge shi. Tun da wuƙar gajeriya ce, a tsaga bakin wani guntun katako da zarto a cusa ta ciki, don a sami mariƙi kuma a tsare yatsu.

Daidaitawa

1. A duba mazaunin wuƙa. In akwai gudan fenti ko tsatsa, a kankare da magagari har wuƙar ta zauna daram.
2. A sa wuƙar, gefen da aka wasa yana duban ƙasa. A tabbata noti biyun da ke sama sun shiga ramukansu.
3. A ɗora murfi, a ɗaure shi kaɗan kawai.
4. A juya notin har bakin wuƙar ya koma ciki. Daga nan a riƙa fito da shi sannu sannu, ana gwadawa a kan guntun katako, har ya fara ɗebo abu siriri kamar takarda.
5. A gwada dama da hagu. In ɓangare ɗaya ya fi ci, a gyara notin wannan ɓangaren. Sa'an nan a ƙarasa ɗaure murfi.

Wanda nasa ba shi da noti, sai ya aza shi a kan shimfiɗaɗɗen katako, ya bar wuƙar ta sauka ta taɓa katakon, ya ɗaure. In yana son ƙarin ci, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da ƙaramar guduma.

Yadda ake aiki da shi

Lalle ne a danne itacen sosai a kan benci, domin hannu biyu duk suna kan ƙarfen. Kada a riƙe itace tsakanin cinyoyi. A kama hannayen ba da ƙarfi ba, manyan yatsu a bayan wuƙa, manuniya a gaba. Ana iya turawa, ana iya jawowa.

Babban sirrin shi ne bin kwanciyar jijiyar itace. Wanda ya shafa akuya daga wuya zuwa wutsiya, gashi kwantawa yake yi. In ya komo ta baya sai ya tashi. Haka itace yake. A gefe mai tozo, a fara daga ƙololuwa a gangara kowane ɓangare. A gefe mai lotsawa, a faro daga bakin nan da bakin can a haɗu a tsakiya. Da zarar itace ya fara yagewa, a tsaya a juya.

Itatuwa masu tauri irin su ƙirya da marke da aduwa suna bukatar a rage cin wuƙa ƙwarai, a kuma ɗan karkata ƙarfen yana tafiya a kaikaice. Haka nan maɗaci, wanda jijiyarsa takan sarƙe.

In ƙota ko ƙafar kujera ake so, a fara fid da itacen mai kusurwa 4. A fere kusurwoyin su zama 8, sa'an nan 16, daga nan sai a share sauran tudun. Ta haka kauri ke zuwa daidai daga sama har ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa: abin da aka fere ba ya komawa, kuma itacen kirki ya yi tsada, ba na ɓarna ba ne.

Adana shi

In an tashi aiki, a mai da wuƙar ciki, a share, a shafa ɗan mai saboda tsatsa, musamman da damina. A rataye shi inda yara ba za su kai ba. Kada a bar shi ya faɗi a kan siminti, domin jikinsa zubin ƙarfe ne, yana iya karyewa.

Ana kira ga masu koyar da sana'a da iyayen gida a wuraren kafinta su fara koya wa yara washi da daidaitawa tun kafin su ba su katakon aiki. Yaron da ya iya waɗannan biyu zai fid da ƙotar da manomi zai komo ya sake nema.