Kafin A Zuba Kwalta, Ina Ruwa Zai Bi?

Duk lokacin da aka ce za a gyara titin wani gari, tambaya ɗaya ake ji a majalisa da teburin mai shayi: yaushe za a zuba kwalta? Idan ɗan kwangila ya yi wata biyu yana haƙa gefen hanya, yana ɗaure rodi, yana zuba kankare, sai a fara cewa an cinye kuɗin. Wasu har su ɗauki hoto su watsa a Facebook, wai ga aiki nan an watsar. Na gaji da jin wannan magana, domin ita ce take sa ɗan siyasa ya matsa wa injiniya ya shafa baƙi a sama kafin zaɓe, bayan damina biyu kuma a koma gidan jiya.

Mu ɗauki gari irin Shanono. Gidaje a cunkushe, lunguna matsattsu, gonaki sun zo har gindin katanga, ruwan shekara kuma kusan duka yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Wannan ruwa yana da hanyar da yake bi tun kaka da kakanni: daga indararo zuwa lungu, daga lungu zuwa kududdufi ko kwari. Ranar da aka cike titi da jan ƙasa har ya fi dokin ƙofar mutane tsawo, an datse masa hanya ke nan. In ba a buɗe masa wata ba, zauren wani zai shiga, ginin ƙasa kuwa ba ya jure kwana a ruwa.

Ita kwaltar da ake ta ɗoki, kaurinta bai wuce 'yan yatsu ba. Abin da ke ɗaukar nauyin motar da ta yi lodin dawa da gyaɗa shi ne abin da ke ƙarƙashi: marmara da aka baje, aka yayyafa mata ruwa, aka bi ta da rola har ta daɓu, sannan tsakuwa a samanta. Shekara ɗari biyu ke nan da wani injiniya ɗan Sikotlan, John McAdam, ya nuna cewa ƙasar wuri ita ke ɗaukar kaya muddin an bar ta a bushe. Har yau a kan wannan ake gina hanya. Ku je ku duba inda rami yake fara fitowa a titi. Ruwa ne yake kwanciya a gefe, ya tsotsa ya shiga ƙasa, marmarar ta yi laushi. Taya ta bi ta kai, kwalta ta lotsa, ta tsattsage kamar bayan kada. Ta waɗannan tsagogi wani ruwan zai sake shiga, kafin kaka an sami ramin da zai karya ƙafar babur. Sai a zo a cike shi da ɓaraguzan gini, gyaran gangar Auzinawa.

Ban ce zargin mutane ba shi da dalili ba. A wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an ɗauko aikin titi mai tsawon kilomita 5 a ƙananan hukumomin Jihar Kano. Da yawa ba a kammala su ba har gwamnatin ta sauka, suka kuma yi shekaru a haka. Wanda ya ga irin wannan dole ya yi ɗar-ɗar in ya ga aiki yana jan ƙafa. To amma a gyara tambayar. Mutumin da ya san ciwon kansa ba kwalta zai fara nema ba. Zai bi lambatun da ƙafarsa har ƙarshe ya ga inda ya zube. Lambatun da ya tsaya a ƙofar gidan ƙarshe na unguwa, ruwan gari duka ya tara wa mai gidan.

Sai kuma abin da ke binne da abin da ke tsaye. Bututun ruwa, turakun wutar lantarki na KEDCO da wayoyin kamfanonin waya, duk kafin a daɓe hanya ya kamata a san inda suke, a matsar da na matsarwa. Sau nawa muka ga titi sabo fil, wata bai cika ba, wani ya kawo diga ya yanka shi daga gefe zuwa gefe don ya ja ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa gidansa? Ya mayar da ƙasa, ya taka da ƙafa, ya yi tafiyarsa. Daga wannan yankan hanya take fara mutuwa. A Ingila, wata doka ta 1991 ta ba hukuma ikon hana haƙa titin da aka gama shimfiɗawa na wani lokaci, sai da larura. Lodin da ya wuce kima da kayan aiki marasa kyau su ma suna kashe hanya, wannan kowa ya sani.

Lokacin magana shi ne ranar da masu awo suka iso da na'urarsu mai ƙafa uku. Ranar ce mai unguwa da dagaci da kansila ya kamata su fito, su taho da dattijon da ya san inda ruwa yake bi a shekarar da aka yi damina mai ƙarfi. Injiniya baƙo ne, da rani ya zo, bai taɓa ganin lungunku da ruwa iya gwiwa ba. A nuna masa. A nemi ganin taswirar aikin, a tambayi inda za a sa kwalbati da girmanta. A roƙa a binne bututu fanko a ƙarƙashin titi nan da can, domin duk mai son tsallakar da ruwa ko waya daga baya ya zura ta ciki ba tare da ya fasa komai ba. Kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da gyara. A kuma nemi marfin kankare a ƙofar gidaje da masallatai, domin rashinsa ne yake sa mutum ya cike lambatu da buhunan ƙasa don ya shigar da babur ɗinsa, ya toshe wa unguwa ruwa.

Wanda jan fentin alamar rusau ya hau katangarsa ya sani cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, ta kuma tanadi diyya a kan gini da amfanin gona. Ya tsaya a auna a gabansa, a rubuta, ya riƙe takarda. Masu tashi cikin dare su kafa shago a bakin hanya don su ci diyya kuwa, su ji tsoron Allah. Irin wannan rigima tana cikin abin da ke tsayar da aiki har damina ta riske shi a buɗe.

Bayan an gama, lambatu ba bola ba ne. Ledar ruwa da toka da ƙaiƙayi da ake zubawa a ciki, gidan maƙwabci suke tura ruwa. Kududdufin da ake cikewa a yanka filoti, shi ne matattarar ruwan unguwa. Matasan kowace unguwa su sa rana a watan Mayu, kafin ruwa ya kankama, su fito aikin gayya da shebur da baro, su yashe lambatu, su kwashe abin da suka fitar zuwa nesa. In an bar shi a baki, ruwan farko zai mayar da shi ciki.