Ɗaukar Hoton Gajimaren Taurari a Ƙasar Ƙanƙara

Bahaushe ya daɗe da sanin Kaza da 'Ya'yanta, watau taurarin nan da malamai ke kira Surayya. Amma arewa da Kaza kaɗan akwai wani abu da bai raɗa wa suna ba, domin kuwa ido ba ya kai gare shi. Wani gajimare ne na iskar haidurojin, wanda tsawonsa a sama ya kai faɗin cikakken wata sau 5, haskensa kuma yakan yi tafiyar shekara 1,000 ko fiye kafin ya iso duniya. Edward Barnard na Amurka ne ya gano shi a 1884, daga bisani aka laƙaba masa sunan Kalifoniya saboda ya yi kama da taswirar jihar.

Wannan gajimare ba aron haske yake yi kamar wata ba. Wani tauraro mai tsananin zafi, Menkib, shi ke zuga iskar har ta riƙa fid da jan haske na kanta. To, idon ɗan Adam rago ne wajen ganin ja cikin duhu, sa'an nan ba ya tara haske. Kyamara kuwa tana tarawa, kamar randar da aka girka ƙarƙashin indararo. Likita Henry Draper, wanda don sha'awa kawai yake duban taurari, shi ya fara ɗaukar hoton irin wannan gajimare a 1880.

Wahalar aikin ita ce duniya tana juyawa digiri 15 kowace sa'a, saboda haka kyamarar da aka bari a buɗe sai ta ja taurari su zama zane-zane. Dole a ɗora ta bisa na'ura mai bin tafiyar sama, wadda ake saita ta da tauraron arewa. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa wannan tauraro digiri 11 zuwa 12 kaɗai yake bisa doron ƙasa, har itacen ɗorawa ɗaya ya isa ya kare shi. Bayan an saita, sai a ɗauki hotuna masu yawa, kowanne na 'yan mintoci, a haɗa su a kwamfuta, sa'an nan jan ya bayyana.

Ƙauyukan yankin suna da abin da mazauna Kano suka rasa, watau duhu na sosai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba, a daren da babu farin wata, sa'ad da damina ta wanke sama, hazon hunturu kuma bai sauko ba. Sai dai duhun nan ba shi da aminci. A Disamba 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin dare, Faskari da Sabuwa ma sun sha hare-hare. Mai wannan sha'awa gara ya kafa kyamararsa a tsakar gida ko bisa soro, ya kashe fitila, ya ƙara yawan hotunan da zai haɗa.