Baƙin Kalmomin Turanci da Mu Ka Riga Mu Ka Sani

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi muku bayani a kan wani wasa da a ke kira Scrabble, domin ina ganin zai taimaki wanda aka tura koyarwa a unguwannin Hausawa na Ikko, kamar Iddo da Agege. Yaranmu na can suna jin Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, Turanci a makaranta, kuma da yawansu Turancin ne ke kā da su a jarrabawa.

Wani Ba'amurke mai suna Alfred Butts ne ya ƙago wasan a 1938. Allonsa yana da gida 225, ƙwayoyinsa 100, kusan kowace da harafi da makinta. Kowa ya ɗebi bakwai, ya yi ƙoƙarin haɗa kalma. Harafin da ya yawaita, kamar A ko E, maki 1 gare shi, amma Q da Z goma goma ne. Mutanen ƙasarmu sun gwanance ƙwarai, har Wellington Jighere ya ci gasar duniya a Perth ta Ostareliya a 2015. Shi ne mutumin Afirka na fari da ya ci ta.

To, babbar wahalar wasan ita ce Q. A Turanci kusan kullum sai U ta bi bayanta, ga shi kuwa U huɗu kaɗai ne cikin ƙwayoyin. Saboda haka gwanaye su kan haddace kalmomin da ke da Q ba U. Da na duba irin waɗanda ƙamus na Collins ya yarda da su, sai na ga da yawa tsofaffin baƙinmu ne, watau daga Larabci su ka fito.

QADI shi ne alƙali, makinsa 14. QIBLA ita ce alƙibla, maki 16. WAQF shi ne waƙafi, wato dukiyar da mutum ya tsayar don amfanin jama'a, maki 19. FAQIR faƙiri ne, NIQAB kuwa niƙabi. TALAQ sakin aure ke nan, SUQ kasuwa. Kun ga abin da ɗan Ingila zai sha wuya kafin ya riƙe, yaron da ya zauna makarantar allo ya daɗe da jin irinsa.

Akwai kuma waɗanda ba su da Q, amma a ƙofar gidanmu su ke. KOLA shi ne goro, wanda cinikinsa ya zaunar da Hausawa a Agege, a ke loda shi a jirgin ƙasa zuwa Arewa. NAIRA da KOBO sun halatta a wasan, ga shi kuwa a 1973 mu ka fara kashe su. Shi kwabo ma asalinsa kalmar Turanci ce mai nufin jan ƙarfe. Ya zo wurinmu ya sāke kama, sa'an nan ya koma ƙamus ɗin masu shi.

Sauran gajeru ne daga nesa. QI a wurin mutanen Sin ƙarfin rai ne da ke gudana cikin jiki. XU ƙaramin kuɗi ne na Biyetnam. ZO dabba ce ta ƙasar Tibet, barbarar saniya da wani sa mai gashi. JO kuwa masoyi ne a bakin mutanen Sikotlan.

Amma ga gargaɗi. A 2015 wani mutumin Niyu Zilan, Nigel Richards, ya ci gasar duniya ta Faransanci, alhali ba ya jin harshen, ƙamus ya haddace. Wannan ya ishi ɗan wasa, bai ishi malami ba, gama karatun aku ba ya rubuta wasiƙa. Shawarata ita ce, ku yanka kwali ku yi ƙwayoyi, ku raba aji ƙungiya ƙungiya, ku kafa doka cewa ba mai samun maki sai ya faɗi ma'anar kalmarsa da Hausa, ya kuma sa ta cikin jimla. Ku fara da QADI da KOLA. Yaron da ya ga goron babansa cikin ƙamus na Turanci, lalle tsoron ƙamus zai ragu a zuciyarsa.