3.4 Hoton Baƙi da Fari a Matsayin Shaidar Tarihin Karkara

A wannan sashe za a dubi hotunan baƙi da fari waɗanda aka ɗauka daga jirgin sama a karkarar da ke kewaye da birnin Kano, har da ƙauyukan arewacinta inda gona ke manne da gona.

Irin wannan hoto yakan rikita mai kallo da farko, domin yana nuna ƙasa ne kamar yadda shaho ke hango ta. Gidaje sukan zama ƙananan zane, burtali ya zama zare, gawo da ɗorawa da kuka kuwa su koma ɗige-ɗige baƙaƙe, kowanne da inuwarsa. Ba a ganin fuskar kowa, amma aikin hannun manomi yana ko'ina.

Muhimmancinsa shi ne gwada abin da zuciya ta riƙe. Bayan farin 1972 zuwa 1974, an yi ta cewa saran itacen girki ya cinye bishiyoyin karkarar Kano. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, da abokan aikinsa sun kwatanta hotunan 1972 da na 1981. Sakamakon da suka wallafa a 1990 ya nuna cewa yawan bishiyoyin gonakin kusa da birni bai ragu ba. Dalili kuwa, bishiyar gona tana da mai ita. Yakan sassabe rassanta, ya bar gindin.

A taƙaice, mai tuna baya yakan riƙe bishiyar da ta faɗi, hoto kuwa yakan ƙirga har da wadda ta tsiro.