Hutun Bakin Teku A Ingila Bayan An Koma Makaranta

A Ingila, da watan Satumba ya kama aka buɗe makarantu, sai garuruwan bakin teku su rage cika, kuɗin haya kuma ya faɗi. A lokacin nan ne tsofaffi kan tafi hutu. Da yawansu ba su sauka a otal. Sukan kama ɗan gida na mako guda, da murhu da tukwane a ciki, su yi cefane su dafa da kansu. Mutanen Bilakpul kuwa sun daɗe da dabarar jawo baƙin kaka, gama a 1879 suka fara haska bakin tekunsu da fitilun lantarki.

Amma arahar nan tana ruɗin waɗansu iyaye su ɗauke yara daga aji. Tun 2013 aka hana shugabannin makarantu ba da izni sai da babban dalili. Daga Agusta 2024 kuma tarar ta koma fam 80 a kan kowane yaro, uwa daban, uba daban. Mu dai muna ganin ta yi kaɗan, domin sau da yawa ragin hayar ya fi ta, yaron kuwa ya rasa makonnin da malami ke aza harsashin karatun shekara.