Agadas: yini ba ya isar mai koyon aikin injiniya

A gidajen Hausawa da na Abzinawa duka, ranar da yaro ya ci jarrabawar bak ya yi rajista a fannin kimiyya da fasaha, ranar ake soma kiransa injiniya. Uwa tana kiransa haka don alfahari, ƙanne don tsokana, maƙwabci kuwa ya kawo masa rediyon da ta mutu tun bara ya ce a duba. Shi kaɗai ya san tsakaninsa da wannan suna akwai shekara biyar, in an yi sa'a ba a rasa ko ɗaya ba. Shekara uku na farko digirin lisansi suke bayarwa. Takardar injiniya cikakkiya sai an ƙara biyu, kuma da yawa sai sun gangara Yamai, makarantar EMIG, ko sun tsallaka wata ƙasa kafin su riƙe ta a hannu.

Ba da ka aka zaɓi Agadas don irin wannan karatu ba. A ƙasar Abzin aka gano ƙarfen uraniyom a 1957, wajen Azelik. Kamfanin SOMAIR ya soma haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akuta a 1978. Tun cikin shekarun 1970 aka kafa makarantar ma'adinai ta Abzin, wato EMAIR, a nan cikin gari, don horar da ƙwararrun da mahaƙa ke bukata. Jami'ar gwamnati kuwa ta daɗe tana Yamai ita kaɗai. Sai a 2010 Maraɗi da Tawa da Damagaram suka samu nasu, a 2014 kuma doka ta ƙirƙiro huɗu a tashi ɗaya: Agadas, Difa, Doso da Tillaberi. Rabon da ya faɗo wa Agadas shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙasarta da abin da ke samanta, wato ma'adinai da makamashi.

Daga asuba zuwa azahar

Yinin ɗalibi yana farawa da kiran assalatu. A watan Janairu, lokacin da ɗarin Abzin ke shiga har ƙashi, ruwan alwala kansa jarrabawa ne. Da yawa daga cikinsu ba ƴan garin ba ne: wani daga Maraɗi, wani daga Gaya ko Mirya, tafiyar yini guda cur cikin mota, wanda ya fito daga Yamai kuwa sai ya ci kilomita fiye da 900. Wanda ya samu gado a masaukin ɗalibai ya gode Allah. Saura sukan haɗa kuɗi su uku ko huɗu su kama ɗaki cikin unguwa, ko su raɓa gidan wani ɗan garinsu, ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa, wanda ya karɓe su don kunyar iyaye. Irin wannan masauki da ladansa yake zuwa: kai ne mai kai yara lakkol, kai ne mai yi musu bitar lissafi da dare, kai ne kuma mai zuwa biyan kuɗin ruwa da na wuta.

Karin kumallo koko ne da ƙosai in akwai, in babu kuwa shayi da guntun burodi. Daga nan sai hanya, a ƙasa ko bisa kabu-kabu, gwargwadon abin da ya rage cikin aljihu. Ƙarfe takwas malami ya tsaya gaban allo.

Karatun bisa tsarin da ake kira LMD yake tafiya. Shekara zango biyu ce, kowane zango kiredi 30, sai an tara 180 a samu lisansi, kuma maki 10 bisa 20 shi ne ƙofa. Darasin da ya kayar da ɗalibi bashi ne, yana biye da shi shekara mai zuwa kamar yadda bashin kanti ke bin mai tebur. Darussan kuwa ba na hadda kaɗai ba ne: lissafi mai zurfi, kimiyyar duwatsu, lantarki, zanen injuna, ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, da lissafin nauyin da ƙarfe ko siminti zai ɗauka kafin ya karye. Duk da Faransanci ake yin su, manyan littattafan fannin kuma da dama da Turancin Ingila aka rubuta su.

Abin da ya fi takura ɗalibin sabbin jami'o'i shi ne yadda darussan ke zuwa. Malaman dindindin ba su ishi kowane fanni ba, sai an gayyato wasu daga Yamai ko wata jami'a. Malamin da ya yi wannan doguwar tafiya ba zai zauna wata huɗu ba, don shi ma nasa ɗaliban suna jiransa. Darasin da ya kamata a sha shi kurɓi-kurɓi cikin zango guda sai a ɗura shi cikin kwana goma, safe da marece, a bi shi da jarrabawa tun bai kwanta ba. Bayan ya tafi sai a yi sati ana zaman jiran na gaba. Ba laifin malamin ba ne, ba na ɗalibin ba. Amma lissafi kamar rini yake, sai ya jiƙa yake kamawa, kuma wanda aka tsoma aka tsame shi nan take ba a yi masa mamaki in ya koɗe.

Wuta, shayi da burs

Da rana ta take, musamman a Mayu da Yuni lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba mai iya buɗe littafi cikin ɗakin kwano. Karatun gaske sai bayan isha'i. Nan kuma sai maganar wuta ta taso. Agadas ba ta shan lantarkin Najeriya kamar Yamai da Maraɗi. Babban tushen wutarta tashar SONICHAR ce ta Anu Araren, kusa da Cirozerin, wadda ke ƙona gawayin ƙasa tun 1981, kuma da ita ake raba wa mahaƙan Arlit. Garin ya ninka abin da yake a wancan zamani, injunan kuwa sun tsufa. Sai ka tarar da mai koyon samar da lantarki yana bitar darasin lantarki da fitilar wayar salula, ko ya kwashi takardunsa ya koma gindin fitilar titi mai aiki da hasken rana.

A nan fada take da amfaninta, ko da yake iyaye kallon wurin ɓata lokaci suke yi mata. Samari biyar ko shida, guntun allo, alli, butar shayi bisa gawayi. Wanda ya gane darasi ya tashi ya yi wa saura bayani da Hausa, wani ya juya wa abokinsa da Zabarmanci ko Buzanci, a yi gardama kan tambayoyin jarrabawar bara har zuwa shayi na uku. Kwamfuta ɗaya takan yi wa mutum huɗu aiki, kowa da sa'arsa. Littafin da ba ya cikin ɗakin karatu a wayar wani ake samunsa, a tura wa juna ta WhatsApp, wanda ke da ƴan kuɗi ya buga shi bisa takarda a riƙa karɓa-karɓa. Ƴan mata, waɗanda ba su da yawa a wannan fanni, ba su da damar zaman fada har tsakar dare. Nasu bitar tsakanin la'asar da magariba ake yinta, bayan tukunya da wanki.

Sai kuɗi. Hukumar ANAB ce ke biyan burs, wata uku-uku, wanda bai samu burs ba kuma yana jiran ɗan tallafin da ake bayarwa. Jinkirin biyan nan tsohon ciwo ne a duk jami'o'in ƙasar, shi ne kan gaba cikin koke-koken ƙungiyar USN, kuma shi ke yawan fitar da ɗalibai daga aji. Masu shekaru ba su manta da 9 ga Fabrairu 1990 ba, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, ba su kuma manta da shekarun karatun da suka tafi a banza cikin shekarun 1990 ba. Kafin burs ta faɗo, mai shagon unguwa ne bankin ɗalibi, da kayensa na bashi: sukari, garin rogo, sabulu. Shi ya sa mai koyon injiniya ba ya rasa sana'ar gefe. Wani yana koyar da ƴaƴan ma'aikata lissafi a gida, wani yana gyaran waya a bakin kasuwa, wani kuma yana jan wayar wuta cikin sababbin gidaje ranar Lahadi. Kowace sa'a da ya sayar ta wannan hanya daga cikin sa'o'in bita ya cire ta.

Hannu bai taɓa ba

Duk wannan wahala da sauƙi, in a ƙarshe hannu ya iya abin da kai ya sani. A nan gizo ke saƙar. Aikin injiniya ba a gama koyonsa bisa allo, kamar yadda ba a koyon ƙira da kallon maƙera daga nesa. Kayan gwaji tsada gare su, daga waje ake odarsu, kuma na'ura ɗaya da mutum talatin suka kewaye, biyu ne ke taɓa ta, saura su rubuta abin da suka hanga.

Misali ɗaya ya isa, kuma ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye. Farantin hasken rana, pano ɗin da ya cika shagunan Agadas, ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne farantin yana kan digiri 25. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, yana rasa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa. A kan rufi cikin watan Mayu farantin yana iya kai digiri 60 ko fiye, wato kusan kashi 15 cikin 100 sun tafi tun ba a sa ƙurar hunturu cikin lissafi ba. Ɗalibin shekara ta biyu ya san wannan sarai. Mai haɗa pano a kasuwa bai san lissafin ba, amma ya san kusoshin da iska ba ta tumɓukewa da batirin da ke jure zafi. Mai gidan da batirinsa ke mutuwa kafin asuba su biyun yake bukata, kuma ba kasafai suke haɗuwa ba. Alhali kuwa ƙasar nan ce ta haifi Farfesa Abdu Mumuni Diofo, wanda ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ONERSOL tun kafin duniya ta ɗauki abin da muhimmanci. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne sitaj, wato ƴan watannin da ɗalibi ke yi a wurin aiki kafin ya rubuta kundinsa ya kare shi gaban malamai. Da can ƙofar a buɗe take ga ɗan Agadas: Arlit kilomita 240 ce kawai, kuma wanda ya yi sitaj a can ya ga yadda ake niƙa tan guda na dutse don a fitar da ƴan kilo kaɗan na uraniyom. To amma ƙofar ta yi ta tsukewa. Aikin Imuraren, wanda aka ba kamfanin Areva izininsa a 2009 kuma matasa da yawa suka zaɓi fanninsu saboda shi, an jingine shi a 2014 da farashi ya faɗi, gwamnati ta janye izinin a Yuni 2024. COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan ya fitar da tan 75,000, ma'aikata kusan 600 suka rasa gurbinsu, ban da na ƴan kwangila. SOMAIR kuwa, bayan saɓani da kamfanin Orano na Faransa, ya koma hannun ƙasa a Yuni 2025. Jami'ar da aka kafa don ma'adinai ta soma yaye ɗalibanta daidai lokacin da tsofaffin ƙwararru masu shekara ashirin cikin rami ke yawo da takardun neman aiki.

Saboda haka watan Mayu da Yuni, ban da jarrabawa, watannin yawo da takarda ne. Ɗalibi ya rubuta wasiƙar neman sitaj, ya manna mata tambur, ya kai SONICHAR, ya kai NIGELEC, ya kai ofishin ma'adinai na jaha da na ruwa, ya aika wata matatar mai ta Damagaram, ya kuma koma ya zauna jira. Wanda ke da kawu a ciki yakan ji amsa da wuri. Abin takaici ne ma'aikatar da ke kukan rashin ƙwararru ta bar irin wannan wasiƙa ta kwana wata biyu cikin durowa, alhali abin da ake roƙo kujera ce da izinin taɓa inji.

Aikin kuwa ba ƙarewa ya yi ba, wuri ya sake. Tun 2014 da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten, dubban mutane ke haƙa ramuka masu zurfi, da yawa ba tare da wanda ya auna ƙarfin ƙasar ko ya lissafa iskar da ke shiga ba, kuma ana wanke zinariyar da sinadarai masu guba. Ambaliyar ƙoramar Telwa ta Satumba 2009, wadda ta rusa gidaje masu yawa cikin gari, aikin masu lissafin ruwa da madatsai ta nuna. A lambunan Tabelot da Timiya, inda albasa da lemu ke fitowa, manoma suna ƙona kuɗinsu a man injin ban-ruwa ƙarƙashin ranar da ke iya juya famfo kyauta. Masu waɗannan ramuka da lambuna da manyan motoci ƴan kasuwa ne. Ba su da ofishin ɗaukar ma'aikata, ba su saba karɓar wasiƙa mai tambur ba, jami'a kuma takardar shaida mai hatimi take nema kafin ta lissafa wa ɗalibi watannin da ya yi. Mai lambun da ya ga amfanin yaron da ya auna masa zurfin rijiya da girman famfon da ya dace da ita yakan sallame shi da buhun albasa da kuɗin mota, amma ba shi da hatimin da zai buga masa.